Da Wace Ƙafa Saniya Ke Fara Tashi?

Laccar da aka gabatar a gaban malaman nazare, firamare da Islamiyya, tare da iyayen yara, a Tudun Fulani, ƙaramar hukumar Bosso, Minna

 

Mai unguwa, ranka ya daɗe. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Ardo da jama'arsa, sannunku da zuwa. Iyayena maza da mata, da 'yan uwana masu riƙe da alli, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Zan fara da tambaya, kuma ina roƙon Ardo da mutanensa su yi mana haƙuri kada su amsa tukuna. Idan saniya tana kwance ta zo miƙewa, gabanta take fara ɗagawa ko bayanta? To doki fa?

Na taɓa jefa wannan tambaya a aji ɗaya na firamare, shekarun baya. Ajin ya yi tsit. 'Ya'yan ma'aikata, waɗanda kullum hannunsu ke sama, suka shiga kallon juna. Can a bencin ƙarshe akwai wani yaro da ke zuwa daga ruga, wanda zango guda ya wuce ban ji muryarsa ba sai wajen kiran suna. Bai ɗaga hannu ba. Sauka ya yi ƙasa, ya durƙusa, ya naɗe hannuwansa ƙarƙashin ƙirji, ya ɗan yi gaba da kai, ya tura ƙugunsa sama, sannan ya miƙar da hannu ɗaya, ya biyo da ɗayan. Saniya sak. Da na ce to doki fa, sai ya sake kwanciya, ya miƙa hannuwa gaba, ya ɗaga ƙirji, daga baya ƙugu ya biyo. Kafin in ce wani abu yara sun zube ƙasa suna gwadawa, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana gyara musu. Tun daga ranar bakinsa ya buɗe a ajin, har a darasin lissafi.

Abin da ya nuna daidai ne. Saniya da baya take fara tashi, doki kuwa da gaba. Babu wannan a littafin da aka ba ni in koyar da shi. Abin da ke cikin littafin hoton wata saniya ce mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, irin ta ƙasar Holan. Yara suna rera sunanta da Turanci har muryarsu ta dushe, su tashi su fita, su ci karo da bunaji a bakin hanya, fara tas da baƙin hanci da dogayen ƙahoni, ba su haɗa ta da abin da suka rera ba.

Sunan unguwar nan kaɗai ya isa ya gaya mana su wa suka zauna kan tudun nan da me suka zo da shi. Amma tun da Minna ta zama babban birnin jiha a 1976, aka kuma kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Bosso a 1983, gari yake ta miƙe ƙafa, bulo yana cin makiyaya. Yau a aji guda za ka sami yaron da ya tatsi nono kafin ya zo makaranta, kusa da shi kuma ga wanda bai san madara ba sai ta gwangwani. Duka biyun namu ne, kuma darasin dabbobin gida yana daga cikin 'yan wuraren da na farkon zai iya zama malamin na biyun. Sai dai ba da baki zai koyar ba, domin Hausarsa ma ba ta gama nuna ba, balle Turanci. Jikinsa ne ya san karatun.

Na san kalmar da ke cikin takardar gayyata ta sa wasu iyaye ɗaga gira. Rawa. Wani uba ya tare ni ya ce, "Malam, mun kawo 'ya'yanmu karatu, ku kuma za ku koya musu rawa?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba. Abin da nake kira gare shi babu ruwansa da rawar dandali ko ta gidan biki. Yaro ne ɗan shekara huɗu zuwa bakwai zai zura wa dabba ido, ya ɗauko tafiyarta da cinta da kwanciyarta, ya sa su a jikinsa bisa tafi ko bugun gwangwani. Makarantar da ta ga ya fi mata ta raba maza da mata, ta raba. Wadda ba ta son ganga, tafi ya wadatar. Wadda kalmar ce ta tsaya mata a wuya, ta kira shi kwaikwayo ko motsa jiki. Malamanmu suna nan zaune, sun fi ni sanin cewa sura ta shida a Alƙur'ani sunan dabbobin ni'ima take ɗauke da shi, kuma a Suratul Gashiya an yi kira ga mutane su dubi yadda aka halicci raƙumi. Ya tabbata a hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Duban dabba da idon basira abu ne da aka umarce mu da shi, ni kuwa hanyar da ƙaramin yaro ke bi ya yi wannan duban nake bayani.

Ƙaramin yaro ba a gina shi don zaman benci ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, 60 daga ciki mai sa haki, kuma kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa guda. Mu kuwa muna zaunar da shi tun takwas na safe, in ya motsa mu ce ya cika ƙiriniya. Masana tarbiyya sun daɗe da gano wannan. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara a 1840, da wasa da waƙa da zagaye ya gina tsarinsa. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, ta dogara da hannun yaro kafin kunnensa. A shekarun 1960 James Asher na Amurka ya fito da hanyar koyar da baƙon harshe inda malami zai faɗi kalma ɗalibi ya aikata ta da jiki, saboda kalmar da jiki ya aikata ta fi zama a ƙwaƙwalwa.

Na kawo sunayen nan ne don masu son jin abin daga waje. Amma wa ya koya wa ɗan Bahaushe hawan dokin kara? Ya samo karan dawa, ya ɗaura masa linzamin tsumma, ya yi sukuwa, ya ja zamiya a gaban kakarsa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Wanda ya yi ɗan akuyana a dandali da farin wata, ko wasan jini da jini inda ake jero sunayen dabbobi a gwada wanda hankalinsa ke tare da shi, ko ya shafa toka ya fita tashe da azumi, ya riga ya shiga irin wannan aji. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa daga cikinsu a Tatsuniyoyi da Wasanni tun farkon shekarun 1970. Dandalin ne ya mutu a unguwanninmu, talabijin da waya da tsoron dare suka kashe shi, ba mu kuwa buɗe wa wasannin ƙofar aji ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Akwai yadda ake yin wannan darasi ya zama shirme. Malama ta ce, "Ku yi kamar saniya," yara su sa yatsu biyu a ka su yi ta ihu, a tafa, a koma benci. An yi nishaɗi, ba a koyi komai ba. Sharaɗin darasin shi ne kallo ya riga motsi. Kafin ranar, a ba yara aikin gida wanda ba ya buƙatar biro: kowa ya je ya tsaya kusa da akuyar gidansu ko kazar maƙwabta, ya dawo da abu ɗaya da ya ga ta yi. In da hali, a nemi izinin mai turke ko mai garke a kai su su tsaya nesa kaɗan su yi kallo na minti goma. A nan Tudun Fulani ba sai an ɗauki hayar mota ba.

Ɗauki akuya da tunkiya. Yaran gari da yawa ba sa bambance su, musamman da yake tumakinmu gashi gare su irin na awaki. Amma wanda ya kalla zai dawo ya ce wutsiyar akuya a ɗage take, ta tunkiya a sake. Tunkiya kanta a ƙasa tana bin ciyawa, akuya kuwa sai ta dafa katanga ko kututture da ƙafafun gaba tana miƙa wuya ga ganye. Tumaki a dunƙule suke tafiya, inda ta gaba ta sa kai nan sauran za su bi, awaki kuwa kowace da inda ta nufa. In raguna biyu za su yi karo, baya suke ja, su sheƙo a guje su haɗa goshi. Bunsuru tsaye yake miƙewa kan ƙafafun baya, ya karkata, ya sauko da ka. Raba aji biyu, rabi tumaki rabi awaki, ka buga gwangwani. Ba sai ka yi dogon bayani ba, 'yan kallo da kansu za su faɗa maka wane rukuni ne wane, kuma su faɗi dalili. Wannan faɗin dalilin shi ne matakin farko na kimiyya. Karon kam a iska ake yin sa, da tazara tsakanin yara, kai ba ya taɓa kai.

Ko saniya wajen cin ciyawa. Ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, haka ma tunkiya da akuya. Da harshe take naɗo ciyawa ta fizge. Yaro ya mai da hannunsa harshe, ya naɗo, ya fizga, ya haɗiye. Sai a kwanta a inuwa a dawo da abincin baki, muƙamuƙi yana juyawa gefe-gefe a hankali. Tuƙa ke nan. Daga nan tambaya za ta fito daga bakin yaran da kansu: ina abincin ya je da ya dawo? Sai ka gaya musu cikin saniya ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbin da suke gani a miya. Ka sa yara huɗu su jeru su zama ɗakunan, ƙwallon tsumma ya zama ciyawa, ya shiga ya dawo baki ya sake shiga. Ɗan shekara shida da ya yi wannan, in ya kai sakandare aka zo darasin, tsohon sani zai tarar. Kuma in babbar salla ta matso ya ga babansa yana buɗe bakin rago a kasuwa, zai gane shekarunsa yake karantawa a haƙoran ƙasa.

Kaza ita ce ta fi kowa arzikin motsi. Tafiyarta da tunkuɗa kai, tonon ƙasa da ƙafa tana ja da baya ta duba abin da ta tono, wankan ƙura, da yadda take shan ruwa tana ɗaga kai sama. Kakanninmu suna cewa godiya take wa Allah, kuma ina son yara su ji wannan. Sannan su je su kalli tantabara, wadda ke tsoma baki ta zuƙa ba ta ɗago ba, su gane kaza ba ta iya zuƙa, sai ta ɗaga kai ruwan ya gangara. Wasan da yara suka fi so shi ne na shirwa: ɗaya ya buɗe hannuwa yana shawagi, uwar kaza ta yi ƙara, 'yan tsaki su sheƙo su shige ƙarƙashin fukafukanta. Bayan sun yi haki sun zauna, ka ba su karin maganar nan ta kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, ka ga ko akwai wanda zai nemi a fassara masa.

Lissafi ma yana ciki. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, sai yara su dunƙule kamar ƙwai, aji yana tafi yana ƙirge, a na ashirin da ɗaya su fasa su fito. Na zabuwa yana kai wa kwana 26 zuwa 28, shi ya sa mai sa wa kaza ƙwan zabi take ƙara haƙurin mako guda. Na agwagwarmu ta gida mako biyar ne. Cikin akuya da tunkiya wata biyar, na saniya wata tara, na goɗiya goma sha ɗaya, na jaka kusan shekara. A ja layi a ƙasa, kowane wata tsalle ɗaya, a ga wa zai riga isa. Raƙumi kuwa, in ayarinsa ya ratso da rani, a nuna musu yadda ƙafafunsa na gefe ɗaya ke tafiya tare, su gwada da hannu da ƙafar dama, sannan na hagu, su ji inda rangajinsa ya samo asali.

Kada a tsaya kan "saniya" kawai. A ba su sunayen: sa, bijimi, karsana, maraƙi. Bunaji fara, rahaji ja mai manyan ƙahoni, bokolo mai guntun ƙaho da faɗin jiki. Balami, uda mai launi biyu kamar an raba ta da igiya, da 'yankasa. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kowane suna da motsinsa: faɗin ƙahon rahaji hannuwa biyu ne a buɗe, na bokolo dunƙulen hannu. Kuma a tambayi yaran yadda ake faɗa a gidajensu. Bafulatani zai ce nagge, mbeewa, mbaalu, gertogal. Bagwari da Banufe su ma su kawo nasu, aji ya maimaita, sannan na Turanci ya zo a ƙarshe ya tarar da wurin zama. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na unguwar da yake, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ya nuna hakan bai rage musu Turanci ba. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989 don a kai makaranta ruga. Mu a nan rugar ce ta kawo kanta makaranta, abin da ya rage mana shi ne mu karɓi abin da ta zo da shi.

Akwai ɓangaren da ya shafi rai. Jaki da doki baya suke harbi, saniya kuwa tana iya shuri ta gefe. Saniya mai sabon maraƙi ba a shiga tsakaninta da ɗanta. A zana da'ira a ƙasa kewaye da yaron da ya zama jaki, sauran su koyi zagayawa ba su taka layin baya ba. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antaras a wata gona a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja, cikin jiharmu, cutar da ke kashe dabba farat ɗaya kuma ta kama mutumin da ya taɓa mushen. Dogon jawabi kan wannan ba zai zauna a kan ɗan shekara biyar ba. Amma in a wasa "akuya" ta faɗi ba ta motsi, aka koya wa sauran su ja da baya taku uku, hannuwa a baya, su ruga su kira babba, to ƙafarsa za ta tuna ranar da ya gamu da mushe a bola. Haka wanke hannu bayan taɓa dabba, haka tafasa madara kafin sha, duk a sa su cikin motsin.

Wani wasa kuma nakan yi shi da taka-tsantsan. Wasu yara su zama dawa a gona, suna tsaye suna kaɗawa. Wasu shanu, ɗaya makiyayi da sandarsa, ɗaya manomi. A ja layi biyu a tsakiya a ce ga burtali. Aikin makiyayi ya ratsa da garkensa ba a taɓa dawa ba, aikin manomi kada ya shuka a kan layin. Sai a sauya: ɗan manomi ya karɓi sanda, ɗan makiyayi ya tsaya gadin gona. Na ga ɗan gari yana gumi yana ƙoƙarin tare "shanu" goma da suka ga ganye, na kuma ga ɗan ruga ya ɓata rai sosai da aka tattake masa shuka. Ba na cewa wasan yara zai kashe wutar da manya suka kasa kashewa a jihar nan. Ina dai so yaron da zai girma a Bosso ya taɓa tsayawa a inda ɗan'uwansa yake tsaye, ko da na minti biyar ne. A ƙarshen wasan shanun sukan kwana a gonar bayan girbi su bar taki, yadda iyayenmu suka saba.

'Yan uwana malamai, na san abin da ke ranku: aji cike maƙil, ba fili, ga ƙura, ga manhaja tana jira. A fita gindin bishiya. A yi rukuni-rukuni, goma suna yi saura suna tafi suna lura, domin mai kallon da zai ce "ba haka kaza ke yi ba" shi ma yana cikin darasi. Minti goma sha biyar sau biyu a mako ya isa. Yaron da ƙafarsa ba ta ba shi dama ya riƙe gwangwanin, shi ke tsayar da garke shi ke tashinsa, ko ya yi wuyan zabo da hannunsa. Kurma kuwa sau da yawa shi ne gwanin ajin, don idonsa ya riga na kowa. Ina roƙon shugabannin makarantu, in kun ji hayaniya daga wajen 'yan aji ɗaya, ku leƙa tukuna kafin ku aika a yi shiru. Iyaye mata kuma, in yaro ya dawo ya tsugunna gaban akurki ya ƙi tashi, aikin gida yake yi.

Abu na ƙarshe shi ne yadda ake rufe darasin, don ba a mai da yara aji jininsu na tafasa. Nakan ce musu rana ta yi gora, garke ya kama hanyar gida. Tafi ya ragu, taku ya yi nauyi. A ɗaure maruƙa a dangwali, kaji su shiga akurki, tumaki su matsu da juna. Shanu su kwanta, kuma a nan ma akwai abin lura, don saniya gwiwoyin gaba take fara kai wa ƙasa sannan baya ya biyo. Kowa ya lumshe ido yana tuƙa a hankali, ana jan numfashi. Minti biyu a haka, za ka ji ajin ya yi shiru har kana jin kukan tsuntsaye a waje. Sai in taɓa kafaɗar ɗaya in tambaye shi a hankali wace dabba zai je ya kalla kafin ranar Alhamis.

Ardo, yanzu na sake maka baki, ka gaya wa jama'a ko yaron nan na bencin ƙarshe ya yi daidai.